Mujallun Ilimi a Zamanin Intanet: Bugu Ya Yi Sauƙi, Tantancewa Ta Yi Wuya

A watan Oktoba na shekarar 2013, mujallar Science da ke fitowa a Amurka ta buga wani rahoto da ya tayar da ƙura a jami'o'in duniya. Wani ɗan jarida mai digirin digirgir a kimiyyar halittu, John Bohannon, ya zauna ya ƙaga maƙalar ƙarya da gangan. Maƙalar ta yi iƙirarin cewa wani sinadari da ake tatsowa daga wani nau'in gansakuka yana hana ƙwayoyin sankara yaɗuwa. Ya cusa mata kurakurai manya-manya, irin waɗanda duk wanda iliminsa na kimiyya ya wuce na sakandare zai iya ganewa, sannan ya aika wa mujallu 304 masu karɓar kuɗi daga hannun marubuci kafin su buga. Guda 157 suka amsa cewa sun karɓa. Guda 98 ne kawai suka ce a kai kasuwa.

Akwai ɓangaren labarin da ya shafe mu kai tsaye. Sunayen marubutan da ya ƙaga irin na 'yan Afirka ne, cibiyoyin binciken ma a biranen Afirka ya ɗora su. Dalilinsa, kamar yadda ya bayyana, shi ne idan edita ya lalubi sunan a intanet bai ga komai ba, ba zai yi zargi ba, tunda dama ba a saba ganin masu binciken ƙasashe masu tasowa a can ba. Wato rashin ganinmu a intanet ya zama abin fakewa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai kishin ilimi a Kano ko Sakkwato ko Yamai ya tambayi yadda mujallunmu ke aiki, da abin da ya hana su tsayawa da ƙafafunsu.

Ga wanda bai saba da harkar jami'a ba, mujallar ilimi ita ce inda mai bincike ke kai sakamakon aikinsa don 'yan uwansa masana su gani. A 1665 aka fara ta, shekarar da Journal des sçavans ta fito a Faris, kuma Henry Oldenburg, sakataren ƙungiyar masana ta Royal Society, ya fara fitar da Philosophical Transactions a Landan. Aikinta shi ne ta rubuta wanda ya fara gano abu, ta sa a tantance, ta yaɗa, ta kuma ajiye wa 'yan baya. A cikin waɗannan ayyuka, yaɗawa ce kaɗai intanet ta sauƙaƙa da gaske. A da sai an sayi takarda, an biya maɗaba'a, an bi jami'o'i da kwafi a bayan mota. Yau da danna maɓalli ɗaya maƙala ta isa ko'ina. Amma kafin a danna maɓallin nan akwai aikin watanni, kuma mutum ne ke yin sa da idonsa da ƙwaƙwalwarsa.

Mu leƙa ofishin editan mujallar wani sashe a ɗaya daga cikin jami'o'inmu. Galibi babban malami ne da aka ɗora wa aikin a taron sashe ba tare da an rage masa komai ba. Yana koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, takardun jarrabawa na tsibe a kan tebur da ƙarƙashinsa, ga ɗaliban digiri na biyu da na uku zaune a benci a bakin ƙofa, kowa da babinsa a hannu. Maƙalu na shigo masa ta imel ɗinsa na kansa, wasu ta WhatsApp, wani ma ya kawo a filashi. Shi zai cire sunan marubuci, ya nemo masana biyu da za su karanta, ya bi su da waya, ya haɗa gyare-gyarensu ya mayar wa mai maƙala, ya jira ta dawo, ya duba ko an yi gyaran. Datar da yake aikin da ita daga aljihunsa take fita. In an ɗauke wuta kuma batirin kwamfuta ya ƙare, sai gobe. In malamai sun shiga yajin aiki, kamar na wata takwas da aka yi a 2022, mujalla ta tsaya cak.

Neman mai tantancewa shi ne babban ciwon kai, kuma ba a nan kaɗai ba. Wani nazari da Mark Hanson da abokan aikinsa suka yi ya nuna cewa maƙalun da ke shiga manyan rumbunan maƙalu biyu, Scopus da Web of Science, sun tashi daga kimanin miliyan 1.9 a 2016 zuwa miliyan 2.8 a 2022, alhali yawan masana bai ƙaru haka ba. Su kuma masu tantancewa, mafi yawansu ba a ba su ko sisi. Shi ya sa editoci a ko'ina ke kukan sai sun roƙi mutum da yawa kafin ɗaya ya amsa.

Namu editan yana da ƙarin matsalar da ba kasafai ake faɗa a fili ba: sanayya da kunya. Ƙa'ida ita ce mai tantancewa kada ya san mai maƙala, mai maƙala ma kada ya san shi. To amma a fanni irin nazarin waƙar baka ta Hausa, ko tarihin masarautun Daular Usmaniyya, masanan ƙidayayyu ne. Sun yi karatu tare, suna haɗuwa a taro da wurin ɗaurin aure. Ko an goge suna, da karanta shafin farko an san mai ita. Idan maƙalar ta malamin da ya duba maka kundin digirinka ce, da wane baki za ka rubuta cewa hujjojinta ba su tsaya ba? Sai a rubuta "a buga bayan 'yan gyare-gyare", a gyara waƙafi da aya, a wuce. Girmama malami ɗabi'a ce mai kyau da ba na fatan mu rabu da ita. Amma maƙalar da aka bari ta wuce saboda nauyin mai ita, ɗalibai ne za su ɗauka su yi ta kafa hujja da ita shekara da shekaru, kuskuren ya shiga kundaye ya zauna. Mafita ita ce edita ya riƙa nemo masu tantancewa daga nesa, kuma a nan intanet ta yi rana, domin masanin Hausa da ke Yamai ko Alƙahira ko Warsaw saƙon imel ɗaya ne tsakaninka da shi.

Sai kuma lokacin ƙarin girma. Duk editan da ya daɗe a harkar ya san wayar da ke shigowa idan an kusa rufe karɓar takardu: "Allah ya gafarta Malam, don Allah a taimaka mini da takardar shaidar an karɓa, ko da bugun zai biyo baya." Mai roƙon ba mugu ba ne. Tsari ne ya ce masa ba zai tashi daga wannan mataki zuwa wancan ba sai ya kawo maƙala kaza, kuma kwamiti ƙirgawa yake yi. Daga nan ake samun mujallar da za ta yi wata goma shiru sannan ta fitar da maƙala arba'in a fitowa ɗaya, da wadda za ta fito bana amma a rubuta mata shekarar bara waccan a bango. A Nijar da sauran ƙasashe rainon Faransa, hukumar CAMES da ke Wagadugu ce ke duba takardun ƙarin girman malaman jami'a, kuma can ma sai da maƙalu.

Inda akwai matsi irin wannan, kasuwa na buɗewa. A tsohon tsari ɗakunan karatu ne ke biya don su samu mujallu, kuma kuɗin ya yi ta hauhawa har manyan jami'o'in Turai da Amurka suka fara kokawa. Ribar babban kamfanin ɗab'in, Elsevier, ta daɗe tana haura kashi 30 cikin ɗari, a kan rubutun da masana suka ba shi kyauta suka kuma tantance masa kyauta. A 2002 wasu masana suka fitar da sanarwar Budapest suna kira da a buɗe wa kowa ƙofar karatu ba tare da biya ba. Kira ne mai kyau, kuma mun ci moriyarsa ƙwarai, domin ɗalibi a Gusau yau yana karanta abin da malaminsa bai taɓa samu ba a zamaninsa. Sai dai kamfanoni sun juya lissafin: mai karatu ya daina biya, marubuci ya fara.

A 2021 mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya ga mai son a buɗe ta ga kowa. A canjin ƙarshen 2024, bayan faɗuwar da naira ta yi tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, wannan kuɗi ya haura naira miliyan 15, abin da albashin farfesa na shekara guda a jami'ar gwamnati bai kai ba a lokacin. Nature na cikin mafiya tsada, amma dala dubu biyu ko uku ya zama ruwan dare. Hatta editocin manyan mujallun waje abin ya ishe su. A 2015 editocin Lingua, tsohuwar mujallar kimiyyar harshe, suka ajiye aiki gaba ɗaya bayan sun kasa daidaitawa da Elsevier, suka kafa Glossa. A Afrilun 2023 editoci sama da 40 na NeuroImage suka bi sahu saboda kuɗin bugu na dala 3,450.

Illar tsarin a bayyane take. Idan kowace maƙala da aka karɓa kuɗi ce, kowace da aka ƙi kuma asara, to hannun edita zai yi nauyi wajen ƙin karɓa. Labarin Hindawi ya isa misali. Kamfani ne da aka kafa a Alƙahira a 1997, kuma yana cikin waɗanda suka ƙi maƙalar ƙaryar Bohannon. A farkon 2021 kamfanin Wiley na Amurka ya saye shi a kan dala miliyan 298. Mujallun Hindawi suka duƙufa wajen fitar da abin da ake kira fitowa ta musamman, inda ake ɗauko baƙon edita a ba shi wuƙa da nama a kan wani maudu'i. Ta wannan ƙofa 'yan kasuwar maƙalun bogi suka shigo, mutanen da sana'arsu ita ce su ƙaga bincike, su sayar da gurbin suna a kansa, su kuma shirya masu tantancewa daga cikin nasu. A 2023 kaɗai aka janye maƙalun Hindawi sama da 8,000, cikin fiye da 10,000 da aka janye a duniya a shekarar, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Wiley ya daina amfani da sunan Hindawi, a 2024 kuma ya rufe mujallu 19. Kamfani ke nan mai ma'aikata da manhajoji da kuɗi, amma da aka fifita yawa a kan inganci, tantancewarsa ta rushe.

Ƙasa da waɗannan akwai 'yan damfara tsantsa. Kowane malamin jami'a ya san saƙonninsu: imel cike da yabo, da alkawarin bugawa cikin mako guda. Wasu ma satar sunan mujallar gaske suke yi, su buɗe shafi mai kama da nata, su karɓi kuɗi. Malami zai ci bashi ya biya, sai ranar da kwamiti ya zauna a ce masa ba a san da wannan mujalla ba. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Jami'ar Colorado, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tattara sunayen irin waɗannan kafin ya sauke jerin a Janairun 2017. Abin da ke damuna shi ne yadda annobar ta shafa wa mujallunmu na gaskiya kashin kaji. Daga nesa, mujalla mai gaskiya amma matalauciya, wadda shafinta ya tsufa kuma fitowarta ke jinkiri, kamarta ɗaya da ta ɗan damfara. Shi kansa jerin Beall an soke shi da yi wa mujallun ƙasashe masu tasowa kuɗin goro.

Jami'o'inmu da dama sun ga maganin shi ne su fifita maƙalar da ta fito a mujallar da ke cikin Scopus ko Web of Science. Na fahimci dalilin, amma maganin na da nasa ciwon. Scopus mallakar Elsevier ce, kuma rumbunan biyu sun karkata ƙwarai ga Ingilishi da mujallun Turai da Amurka. Mai nazarin sinadarai zai iya lallaɓawa. Wanda ya rubuta maƙala da Hausa a kan salon waƙoƙin fada ko karin harshen Arewanci fa, ina zai kai ta? Gidanta mujallu ne irin su Harsunan Nijeriya da Algaita a Jami'ar Bayero, da Harshe a Zariya, da Ɗunɗaye a Sakkwato, da Mu Ƙara Sani a Yamai. Idan aka ce maki mai tsoka sai na waje, kowa zai kai aikinsa mafi kyau waje da Turanci, ya bar wa ta gida saura. Ta gida kuma ba za ta cika sharuɗɗan shiga rumbun ba muddin saura take samu.

Ko an tsallake tantancewa lafiya, akwai shirya maƙala don bugu, aikin da mutane ke ɗauka ƙarami ne. Duk wanda ya taɓa neman rubutun Hausa na ilimi a intanet ya ci karo da kalmomi irin su }asa da ]aya da ~arawo. Asalin abin shi ne a shekarun 1990, lokacin da kwamfutocin da ke hannunmu ba su san haruffanmu masu lanƙwasa ba, masu kishi suka ƙirƙiro nau'o'in rubutu na musamman da suka ari gurbin wasu alamomi suka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kai. Sun yi wa Hausa babban aiki, kuma littattafai masu yawa da su aka buga. Amma a cikin kwamfutar, alamar nan tana nan yadda take, kama kawai aka sauya mata. Da zarar rubutu ya koma na'urar da ba ta da wannan nau'i, ko aka ɗora shi a shafin intanet, sai alamar ta koma asalinta. Illar ta wuce muni a ido, domin mai neman "ƙasa" a Google da wuya ya samu maƙalar da ta rubuta "}asa". Tsarin Unicode ya daɗe da tanadar wa haruffan nan gurbi nasu, wayoyin hannu ma suna da su, amma har yau ana aiko da maƙalu da tsohon nau'i, sai edita ya bi ya sauya.

Maƙalar kimiyyar harshe kuma na bukatar alamomin karin sauti da tsawon wasali. Ta addini ko tarihi na ɗauke da nassin Larabci ko ajami mai tafiya daga dama zuwa hagu a tsakiyar rubutun boko, kuma sau da yawa layin kan hargitse wajen mayar da shi PDF. Ga ƙa'idojin rubutu: duk da tarukan daidaitawa irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, har yau sai ka ga maƙala ɗaya ta haɗa kalma a nan ta raba ta a can. A zamanin da Kamfanin Gaskiya da ke Zariya ke tashe, akwai mutanen da aikinsu ke nan, duba rubutu harafi-harafi kafin a kai inji. Mujallun sassanmu ba su da irinsu. Editan nan dai shi ne, ko wani yaro a shagon buga takardu na bakin ƙofar jami'a da bai san abin da maƙalar ke cewa ba.

Akwai kuma aikin da ido ba ya gani. Ɗora PDF a shafi bai sa maƙala ta shiga duniya ba. Rumbuna da injinan bincike sun fi dogara ga bayanan da ke rataye da ita: take, sunan marubuci, tsakure, shekara, shafi, manazarta, kowanne a gurbinsa. Mujallar da ta haɗa fitowa guda sukutum a fayil ɗaya mai shafi ɗari uku ta ɓoye maƙalunta da hannunta. Kowace maƙala na bukatar lambar DOI, wadda ke bin ta ko da adireshin shafin ya sauya. Ƙungiyar Crossref, da aka kafa a 2000, ita ce ta fi bayar da ita, kuma da dala ake biya, kuɗin shekara da kimanin dala ɗaya a kan kowace maƙala. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma samun hanyar biyan dala daga asusun sashe dogon labari ne. Marubuci shi ma yana bukatar lambar ORCID, wadda aka fara a 2012 kuma kyauta ce. Mu ma mun fi wasu bukatarta. Mutum ɗaya yau ya rubuta Muhammad, gobe Mohammed, jibi ya ƙara sunan garinsu, sai rumbu ya raba aikinsa gida uku ko ya haɗa shi da na takwaransa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne adanawa. An ɗauka abin da ya hau intanet ya zauna ke nan, alhali ba haka ba ne. Mikael Laakso da abokan aikinsa sun bi sawu suka gano mujallu sama da 170 da suka ɓace daga intanet tsakanin 2000 da 2019. A 2024 Martin Eve ya fitar da bincikensa a kan maƙalu sama da miliyan 7 masu lambar DOI, inda ya tarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba sa cikin ko ɗaya daga manyan rumbunan ajiya da ya duba. A wurinmu yadda abin ke faruwa sananne ne. Edita ya yi rajistar sunan shafi da katin bankinsa, ya biya wani matashi ya gina. Bayan shekara biyu ya tafi hutun bincike, ko ya koma wata jami'a, ko rai ya yi halinsa. Kalmar sirri na wurinsa. Lokacin sabunta rajista ya yi ba wanda ya sani, shafi ya rufe, gumin mutane da yawa ya tafi. Tsofaffin fitowar Kano Studies da Harsunan Nijeriya na shekarun 1970, duk da ƙura da gara, mai nema zai iya samunsu a ɗakunan karatu, domin an buga kwafi da yawa an rarraba. Mujallar da ke kan kwamfuta ɗaya tak ba ta da wannan kariya. Akwai tsare-tsare irin su LOCKSS, da aka fara a Jami'ar Stanford, da CLOCKSS da Portico, masu ajiye kwafi a wurare daban-daban, amma sai mujalla ta nema take shiga.

Ana cikin haka sai ga ƙirƙirarriyar basira. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 editoci ke karɓar maƙalu masu santsin Turanci da jerin manazarta ɗauke da littattafan da ba a taɓa rubutawa ba. A Fabrairun 2024 wata mujallar kamfanin Frontiers ta buga maƙala mai zanen ɓera da na'ura ta ƙaga, gaɓoɓinsa sun saɓa wa halitta, rubutun jikin zanen ma ba kalmomi ba ne. Ta wuce edita da masu tantancewa, sai da jama'a suka yi ca aka janye ta cikin 'yan kwanaki. Ban ga laifin malamin da ya yi bincike da guminsa ya sa na'ura ta gyara masa Turanci ba, in dai ya faɗa, domin an daɗe ana mayar wa 'yan Afirka maƙalu saboda harshe. Amma yanzu dole edita ya bi manazarta ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar suna nan. Manhajojin kama satar fasaha irin su Turnitin kuwa da abin da ke rumbunsu suke gwadawa. Kundayen digiri masu ɗimbin yawa da aka rubuta da Hausa suna jibge a kantocin sassa ba a ɗora su a intanet ba, don haka wanda ya kwafe su sai dai tsohon malami mai kaifin tunawa ya kama shi.

Kayan aikin gyara suna nan, kuma yawancinsu ba sa cin kuɗi. Manhajar OJS, wadda shirin Public Knowledge Project na Kanada ya fitar tun farkon shekarun 2000, kyauta ce. Tana karɓar maƙala, ta aika wa mai tantancewa, ta tuna masa in ya yi jinkiri, ta ajiye tarihin kowane mataki. Dandalin AJOL, da aka fara a 1998 kuma yake da mazauni a Afirka ta Kudu, yana ɗauke da mujallun Afirka sama da 500, na Nijeriya ne ma suka fi yawa a ciki. Rumbun DOAJ ba ya karɓar kuɗin shiga, sharuɗɗa yake gindayawa, kuma bai ce sai da Ingilishi ba. Brazil ta nuna abin da ƙasa za ta iya: tun ƙarshen shekarun 1990 ta kafa SciELO da kuɗin hukumomin bincike, inda mujallun Latin Amurka suka samu gida ɗaya suna bugawa da harsunan Fotugal da Sifaniya, kowa na karantawa kyauta.

Abin da ya rage shi ne mutumin da zai riƙe kayan. A ganina tushen matsalar mujallunmu shi ne an ɗauki aikin edita a matsayin taimako da ake yi bayan an tashi aiki. Jami'a na ɗaukar ma'aikaci na musamman ya kula da ɗakin gwaje-gwaje, amma mujallar da ke kai sunanta duniya an bar ta a hannun mutum ɗaya da katin bankinsa. Asusun TETFund na da tallafin da yake ware wa mujallun manyan makarantu. Irin wannan kuɗi zai fi amfani idan jami'a ta ajiye ma'aikata biyu ko uku na dindindin a ƙarƙashin ɗakin karatu, masu kula da shafi da lambobi da ajiya da duba rubutu na duk mujallunta, su bar wa editoci hukuncin ilimi kaɗai. Kuma ba dole ne kowane sashe ya mallaki tasa ba. Sassan Hausa na jami'o'i biyar da suka haɗu a kan mujalla ɗaya mai fitowa a kan lokaci sun fi biyar masu fitowa sai an ga dama, haɗuwar ma za ta rage kunyar da ke ɗaure hannun masu tantancewa.

Su kuma kwamitocin ƙarin girma, muddin ƙirga suke yi, za a ci gaba da kawo musu abin ƙirgawa. Tun 2012 sanarwar DORA ta San Francisco ta yi kira da a auna bincike da abin da ya ƙunsa maimakon sunan mujallar da ya fito a ciki. A nemi malami ya zaɓo ayyukansa uku ko biyar mafiya ƙarfi, a ba masana na waje su karanta su da gaske, ko da Hausa aka rubuta su ko da Turanci. A kuma sa wa aikin edita da na tantancewa maki, tunda da shi ake gina abin da kowa ke cin moriya.

Wannan duk sai majalisun jami'o'i sun zauna. Amma akwai abin da ba ya jiran kowa. Ku editocin da ke riƙe da mujalla a yau, kafin wannan zangon karatu ya ƙare, ku miƙa wa ɗakin karatun jami'arku cikakken kwafin duk fitowar da kuka taɓa yi, tare da kalmar sirrin shafin da ranar da rajistarsa za ta ƙare.